Tirelar Da Ta Ƙi Tashi

A farkon watan Yuli na 2023 kwamitin makarantarmu ya ɗora mini aikin sayen yashi, domin muna so mu ƙara ɗakunan karatu biyu. Kuɗin kuwa na jama'a ne. An tara shi da kaɗan kaɗan, wani ya kawo tiyar gero, wata ta kawo kaza aka sayar. Saboda haka na shiga aikin da niyya ɗaya, kada kwabo ya tafi a banza.

Na yi ciniki da wani mai tarakta a kan kuɗin sawu ɗaya, na kuwa bi su har bakin rafi don in ga lodi da idona. An kwana ana ruwa, yashin har yana ɗiga. Tirelar irin mai juyewa ce, wadda a ke ɗaga bodinta da ƙarfin mai, amma an ƙara mata katakai gefe da gefe, gama da rani aikinta kai taki gona ne da kwasar kara. 'Yan lodi suka zuba har yashi ya kai bakin ƙarfe, suka tsaya suna share gumi. Ni kuwa da na ga katakai a tsaye wofi sai raina ya ƙi. Na ce, "Haba samari, ai da sauran wuri. Ku ƙara mana, aikin yara ne." Direba ya dube ni, ya dubi tayoyinsa, bai ce kome ba. Suka ƙara har ya yi tozo.

Tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba muka yi ta cikin sa'a guda. Da muka iso, direba ya ja da baya zuwa inda magini ya nuna masa, ya buɗe ƙofar baya, ya ja hannun juyewa. Inji ya yi gurnani, bodi ya ɗaga kamar taƙi biyu, ya tsaya cik. Wani kuka mai tsini ya riƙa fitowa daga cikin tarakta. Ya ƙara wuta, ya sake ja, ba ta motsa ba. Sai na ga yaron motar, wanda bai fi shekara 16 ba, ya ɗauki sifana ya durƙusa, ya sa kansa da kafaɗarsa ƙarƙashin bodin, wai zai duba tiyon mai.

Maginin namu tsoho ne, ba ya ɗaga murya. Ran nan na ji ta. "Kai yaro, fito! Fito na ce!" Ya finciko shi ta ƙafa. Sa'an nan ya juyo wurina ya ce, "Malam, kori 'ya'yan nan naka." Sai a lokacin na lura an tashi tara, yara fiye da 30 sun kewaye tirelar suna kallo, waɗansu har sun dafa ta.

Aka sauke bodin a hankali. Muka ɗauki shebur huɗu, har da ni, muka yi ta kwasa. Sai da muka zubar da kusan rabi, sa'an nan direba ya ja hannu, ta tashi sumul kamar ba ita ba. Da yamma aka ga taya ɗaya ta kumbura a gefe, ba ta ƙara moruwa ba. Tsohon ya bar ni sai da na sha ruwa, kana ya ce, "Malam, kai ne mai koya wa yara lissafi. Na yau fa, wa ya yi shi?" Na ce, "Baba, ba wanda ya yi."

Lissafin da ban yi ba

Kashegari na ɗauki abin awo na tafi gidan mai tarakta. Bari in ba mai karatu abin da na samu, gama lissafi ne wanda ɗan aji shida zai iya yi.

Ka ɗauka akwai akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Shi ne masu gini su ke kira kubik mita. Ruwan da zai cika shi duro 5 ne, nauyinsa kuwa kilo 1,000, watau tan 1, daidai da buhun siminti 20. In ka cika akwatin nan da busasshen yashi, nauyinsa wajen kilo 1,600 ne, buhun siminti 32 ke nan. In yashin ya sha ruwa sosai ya kan kai kilo 1,900 har zuwa 2,000, domin ruwa ya shiga 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin, inda dā iska ce kawai. Tsakuwa tana kusa da busasshen yashi. Marmara da jar ƙasa mai danshi sun fi kusa da jiƙaƙƙe. Busasshen taki kuwa bai kai rabin nauyin yashi ba, kara da harawa ma ba a magana.

Bodin tirelar da ta kawo mana yashi tsawonsa mita 3 da rabi ne, faɗinsa mita 1 da santimita 80, zurfin ƙarfensa rabin mita. In ka riɓanya su za ka sami kubik mita 3 da 'yan kai. Da busasshen yashi, a shafe daidai bakin ƙarfe, tan 5 ke nan. Da muka kankare fenti da laka a wuyan tirelar muka tarar da ɗan farantin ƙarfe wanda maƙeranta suka manna, an rubuta tan 5 a jikinsa. Ashe waɗanda suka ƙera ta sun riga sun yi lissafin, sun yanka bodin daidai ƙarfin taya da ƙarfin abin ɗagawa. Katakan da aka ƙara, masu tsayin santimita 30, sun mai da cikinta kubik mita 5. Kubik mita 5 na jiƙaƙƙen yashi tan 9 da rabi ne. Sa tozon da na roƙa a kai, mun taɓa tan 10. Riɓi biyu na abin da aka yi ta domin shi.

Ga inda kuskuren ya ke. Mutum da ido ya ke auna kaya, ido kuwa cika ya ke gani, ba nauyi ba. Tirelar da ta saba tafiya da taki har sama da katako ba ta yi laifi ba, gama nauyin bai fi tan 2 ko 3 ba. Ran da aka zuba mata yashi zuwa wannan tsayin, ga ido kaya ɗaya ne, ga ƙarfe kuwa ya fi riɓi uku. Haka abin ya ke ga tifa mai taya 6 da mai taya 10, waɗanda masu walda su kan ƙara wa bodinsu tsayi. Walda tana ƙara ciki, ba ta ƙara birki, ba ta ƙara sifirin. Haka ya ke ga amalanken shanu, sai dai shi sa ba shi da farantin ƙarfe, wuyansa ne ke nunawa.

Ba na so a ɗauka direbobi mugaye ne. Tun 2022 da kuɗin man dizal ya yi tsalle, kowane sawu da za a rage riba ce. Mai mota yana jiran kuɗinsa kowace yamma. 'Yan lodi da sawu a ke biyansu. Mai saye kuma, irina, in bai ga tozo ba sai ya ce an cuce shi, gobe ya kira wani. Direban da ya dubi tayoyinsa ya yi shiru ya san gaskiya sarai, tsoron rasa ciniki ne ya rufe masa baki. Mu masu saye muna da kaso babba cikin laifin nan, ko da ya ke ba mu ne mu ke zama bayan sitiyari ba.

A kan hanya

Ƙasarmu ta wannan kusurwa ta Jigawa iri biyu ce, kowace kuwa da irin tarkon da ta ke ɗana wa mai kaya. Wajen Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce da tuddai, hanyoyin ƙauye suna hawa suna gangara, haka kuma waɗansu wurare in ka nufi Gwiwa. In ka yi gabas zuwa Babura, kusa da iyakar Nijar, sai ka shiga jigawa sosai, rairayi mai laushi wanda ya ba jihar sunanta sa'ad da aka yanke ta daga Kano a 1991.

A gangara, abin tsoro shi ne tirela ta fi mai janta nauyi. Tarakta irin Massey Ferguson 375, wadda ta yi yawa a ƙasar nan, nauyinta wajen tan 3 ne. Yawancin tirelolin gona da mu ke gani ba su da birkin kansu, ko kuwa ya mutu tun tuni ba a gyara ba. To, ka sa tan 10 a bayan tan 3, ka nufi gangara. Ba tarakta ke jan tirela ba kuma, tirela ce ke tura tarakta. Direba ya taka birki, tayoyin baya su ja ƙasa, tirela ta turo gindin tarakta gefe, su naɗe kamar wuƙar aljihu. Wanda ke zaune a kan murfin taya ko a bisa kaya shi ne na fari da za a ɗauka. Domin wannan, direban kirki ya kan sa ƙaramar giya tun yana bisa tudu, giyar da zai hau tudun da ita, ba ya taka kuloci a tsakiyar gangara, ba ya sa ta a firi don ya tsimi mai. Ya kan kuma haɗa takalman birkin nan biyu da maƙullinsu kafin ya hau hanya, gama na tarakta a rabe su ke, na hagu dabam na dama dabam, in ya taka ɗaya kaɗai da gudu sai ta juya.

Akwai ƙa'ida guda wadda na kan koya wa manyan yara. In nauyi ya riɓanya sau biyu, aikin da birki zai yi kafin a tsaya ya riɓanya sau biyu. In gudu ne ya riɓanya sau biyu, aikin ya zama sau huɗu. Tifar da ta ɗauki riɓi biyu, tana kuma gudu riɓi biyu, birkinta sai ya yi aikin sau takwas. Duk aikin nan zafi ya ke zama, birki kuwa in ya yi zafi ƙwarai ba ya kamawa. Wanda ke zaune bakin babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Dambatta ta ratsa Kazaure zuwa Daura ya san ƙaurin nan. Taya ma haka. Taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwasa a gefe kowane juyi, tana ɗumama daga ciki, balle a watan Afrilu da Mayu sa'ad da kwalta ke ƙuna. Iyakar nauyin da kowace taya za ta ɗauka a rubuce ya ke a gefenta, mai faci zai iya nuna maka.

A jigawa kuwa, ba gudu ne ke kisa ba, kafewa ce. Tirela mai nauyi ta nutse a rairayi, direba ya yi ta ba ta wuta, tayoyi su yi ta haƙa rami. Sai a kira wata tarakta ta zo ja. Nan ne waɗansu su ke ɗaura sarƙa a sama, wajen bayan kujera, wai don ta fi kamawa. Wannan ganganci ne babba. In aka ɗaura abin ja sama da tsakiyar tayoyin baya, kayan kuwa suka ƙi motsi, to, tarakta ce za ta motsa: gabanta ya tashi sama, ta kife da baya ta danne direba. Masu binciken haɗarin gona sun auna abin, bai cika daƙiƙa ɗaya ba ta wuce inda za a iya mai da ita. Sarƙa a ƙasa a ke ɗaura ta, a ƙarfen ja wanda aka yi domin haka. Kafin ma a kai ga sarƙa, a sauke kaya, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa rassa ko kara. Na sani ba wanda ke son sauke abin da ya biya aka loda. Amma sauke rabin yashi aikin sa'a guda ne.

Kada a manta da ƙusar da ke haɗa tirela da tarakta. Na sha ganin an sa guntun rodi a maimakonta, an lanƙwasa kansa. Rodin gini ba a yi shi domin wannan ba. A sa ƙusa ta ainihi da makarinta, a ƙara da sarƙa, domin ko ƙusa ta karye tirela ba za ta gangara ita kaɗai cikin kasuwa ba.

In ta ƙi tashi

Yanzu mu komo ga abin da ya faru a filin makarantarmu, gama nan ne na fi so iyaye su kasa kunne.

Abin da ke ɗaga bodi wata sanda ce ta ƙarfe cikin bututu, famfo yana tura mai a ƙarƙashinta. Wani Bafaranshe mai suna Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana ƙa'idar: in ka matsa ruwa ko mai a rufaffen wuri, matsin ya kan kai ko'ina daidai. Da haka ɗan famfo ya ke ɗaga tan 5. Amma matsin da ke ɗaga bodi shi ne kuma ke cikin tiyo, da kowace mahaɗa, da kowace roba. Saboda haka maƙera suka sa wata 'yar ƙofa mai sifirin a hanyar man. In matsi ya kai iyaka sai ta buɗe, mai ya koma tanki. Kukan nan mai tsini da na ji, ita ce. Ba lalacewa ta yi ba, aikinta ta ke yi, tana cewa kayan sun fi ƙarfi.

Farkon ɗagawa shi ne mafi wuya, domin sa'ad da bodi ke kwance sandar ba ta sami kyakkyawar tsayuwa ba, kamar mutumin da ke son ɗaga buhu yana durƙushe. In kuma kaya sun taru a gaba, nesa da maƙalar baya inda bodi ke juyawa, sai wuyar ta ƙaru. Shi ya sa tirela mai lodi fiye da kima ta kan ɗaga kaɗan ta tsaya.

Sa'ad da haka ta faru, dabaru uku su ke zuwa wa mutane, dukansu kuwa miyagu ne. Ta fari, a kira makaniki ya ɗaure 'yar ƙofar nan don matsi ya ƙaru. Ta kan tashi kam, ran nan. Amma ka cire mai tsaro ke nan, tiyo ne zai fashe a madadinsa, in kuwa ya fashe bodi yana sama, faɗowa zai yi gaba ɗaya. Ta biyu, direba ya ɗaga iyakar abin da ta yarda, ya ja gaba da ƙarfi ya taka birki don kaya su zame. Wannan shi ke karya maƙala, shi ke lanƙwasa sandar ɗagawa, shi ke kifar da tifa. Ta uku ita ce ta yaron nan, a shiga ƙarƙashi a duba.

Ina roƙon kowace uwa da ke da ɗa mai bin mota ta gaya masa wannan da bakinta: ba a shiga ƙarƙashin bodin da ke sama. Abin da ke riƙe da shi mai ne kawai cikin tiyon roba. Ko inji a kashe ya ke, wani ya taɓa hannun juyewa bisa kuskure, ko mahaɗa ta saki, shi ke nan. Ba ya ba da sanarwa, ba a kuwa tsere masa. In gyara ya zama dole, sai a sauke bodi, a kwashe kaya duka, a ɗaga shi wofi, a tokare shi da sandar ƙarfen da aka yi domin haka ko gungumen itace mai kauri wanda ba zai zame ba, a kashe inji, direba ya sa mabuɗi a aljihunsa. Sandar tokarewa ma domin bodi wofi aka yi ta, ba domin mai kaya ba. Kada kuma a nemi inda mai ke yoyo da tafin hannu. Man da ke fita ta ƙaramar huda da matsi mai ƙarfi yana iya huda fata ya shiga nama. Ciwon ya kan yi kamar tsinin ƙaya, amma in ba a kai mutum asibiti nan da nan ba yana iya rasa yatsa ko hannu. Da guntun kwali a ke nema.

To, me za a yi? Abin da tsohon magini ya sa muka yi. A kori kowa daga gefe da baya. A sauke bodi a hankali, kada a sake shi ya faɗo. Sa'an nan a ɗauki shebur. A bar ƙofar baya a buɗe a jawo na baya ƙasa, wani kuma ya hau ya riƙa rage na gaba, gama na gaban nan shi ya fi danne sandar. In an rage kashi ɗaya cikin uku a gwada, bayan kowa ya sauko. In ta ƙi, a ƙara ragewa. Ba wata dabara da ta wuce wannan, ko a Kazaure ko a Ingila.

Wurin juyewa ma sai an zaɓa. Bodi in ya tashi, nauyi ya koma sama, ɗan karkata kaɗan a ƙasa ya zama babba a can bisa. Jiƙaƙƙen yashi da laka su kan manne a gaban bodi, wani lokaci gefe ɗaya ya zube ɗaya ya ƙi. In taya ɗaya tana kan tudu, ko tana kan ƙasa mai laushi kamar bakin ramin tushen gini ko tsohuwar masai da aka cike, sai mota ta kwanta a gefenta. A nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, tarakta da tirela su miƙe sak a layi ɗaya. Kafin a ja hannu kuma a ɗaga kai a dubi sama. Wayar wuta, wadda har yanzu mu ke kira wayar Nepa ko da ya ke sunan ya daɗe da sakewa, tana ratsa unguwanni da yawa ƙasa ƙasa, bodin tifa kuwa in ya miƙe ya fi soro tsayi. In ya taɓa waya, direba ya zauna a ciki, kada kowa ya taɓa motar ko ya matso, a aika a kashe wuta. Sai in gobara ta kama ne zai fita, ya yi tsalle da ƙafa biyu a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa lokaci ɗaya. In an gama juyewa, a sauke bodi sarai kafin a tashi.

Wanda ke biya ba ya wurin ciniki

Akwai mai hasara na uku bayan mai mota da mai saye, shi ne hanya. Injiniyoyin Amurka sun gina hanyoyin gwaji kusa da garin Ottawa na jihar Illinois, daga 1958 zuwa 1960 suka sa manyan motoci suna zagayawa dare da rana da nauyi iri iri. Suka gane ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba ta tafiya daidai da nauyi, tsalle ta ke yi. Ana auna nauyin ne a kan kowace sandar ƙarfe da ke haɗa tayar hagu da ta dama, wadda makanikai ke kira aksil. In nauyin da ke kanta ya riɓanya sau biyu, ɓarnar ta kan kai wajen sau 16. Ko ƙarin kashi 20 cikin 100 kaɗai ya isa ya riɓanya ɓarnar sau biyu. Kwaruruwan nan biyu da ka ke gani a kwalta inda tayoyin manyan motoci ke bi, da kwalbatin ƙauye da ke rushewa bayan damina biyu, ga asalinsu. Mai ciki da za a kai asibitin Kazaure da dare a kan wannan hanya ba ta san an yi cinikin yashi ba.

Doka tana nan. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, lodi fiye da kima kuwa yana cikin laifofin da ta ke kamawa. A 2012 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'ida ɗaya a kan nauyin manyan motoci, wadda ta tsai da aksil ɗaya na baya a wajen tan 11 da rabi zuwa 12. Amma sikelin mota ba ya zuwa bakin rafi, ma'aikaci kuma ba ya bin tarakta zuwa ƙauyukan Roni. A irin wuraren nan, mutum uku ne hukuma: direba, da mai lodi, da mai saye.

Layin fenti

Matsalar ba sabuwa ba ce, ba kuwa ta motoci kaɗai ba ce. A Ingila, shekaru 150 da suka wuce, masu jiragen ruwa su kan loda wa jirgi kaya har ya kusa nutsewa tun yana bakin gaɓa, matuƙa su yi ta mutuwa a teku. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata a kan maganar, har aka yi doka a 1876 cewa kowane jirgi sai an zana masa layi a jiki, in ruwa ya rufe layin, kaya sun yi yawa. Da fari an bar wa mai jirgi ya zana inda ya ga dama, ka san kuwa inda mai kwaɗayi zai zana. Sai a 1890 hukuma ta karɓi aikin tsai da wurin layin. Har yau jiragen da ke shiga Legas suna ɗauke da shi, kuma ba layi ɗaya ba ne: akwai na ruwan gishiri, akwai na ruwan daɗi, akwai na lokacin sanyi, domin ruwa ba ɗaya ba ne.

Da na ba mai tarakta wannan labari sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai sai ka zana mini nawa." Muka sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti. Busasshen yashi iyakarsa bakin ƙarfe ne, ba ya bukatar layi. Na jiƙaƙƙe da marmara muka auna santimita 40 daga ƙasan bodi muka ja layi kewaye. Katakan kuma ya yarda zai riƙa cire su duk ran da ba taki ko kara zai ɗauka ba, gama muddin suna tsaye, wani mai saye zai ce a ƙara.

Sauran magana ita ce ta kuɗi, nan ne muka daɗe. In ana biya da sawu, mai saye zai so tozo. Sai muka koma ga ma'aunin da magina suka sani. Kwanon sarki biyu daidai su ke da cikin buhun siminti ɗaya, kwano ɗaya na busasshen yashi kuwa wajen kilo 28 ne. Tan 5 ya kama kwano 180, ko baro 45 in baron mai cin kwano huɗu ne. Muka yanka kuɗi a kan haka, na ƙara masa kuɗin man sawun da ya ƙaru, kwamiti kuma ya biya rabin kuɗin tayar da ta lalace, bayan gardama mai tsawo wadda ni ne na sha kunyarta. Yashin ɗakunan nan biyu, wanda na so in kwaso cikin sawu 6, ya zo cikin sawu 11. Muka kuma sa sharaɗi, ba za a juye kaya a filin makaranta ba sai yara suna cikin aji, malami ɗaya yana tsaye a bakin ƙofa.

Yaron motar yana nan. Ya fara koyon tuƙi bara, maigidansa yana ba shi tarakta wofi ya kai ta rafi. Ran da suka kawo sawu na ƙarshe na ga ya sauko ya zagaya, ya taka ƙasa da diddige wajen tayoyin baya, ya ɗaga kai ya dubi waya, sa'an nan ya ɗaga wa direba hannu.